Yadda ake gano wurin da aka ɗauki tsohon hoton jirgin ƙasa: misali da layukan birnin Shikago

Tsohon hoton jirgin ƙasa yakan zo hannun mutum ba suna, ba kwanan wata. Ga kan jirgi, ga taragai, ga mutane tsaye a dandamali da jaridu a hammata suna jiran abin da zai kai su aiki, amma ina ne? Mai ɗaukar hoton ya daɗe da rasuwa, magadansa sun sayar da akwatin hotunan gaba ɗaya, wanda ya saya kuma bai san komai ba sai abin da idonsa ya gani.

Zan yi bayanin da jiragen je-ka-ka-dawo na Shikago a Amurka, wato masu kwaso ma'aikata daga unguwannin bayan gari da safe su mayar da su da yamma. Na zaɓi birnin ne saboda kamfanoni da yawa sun yi wannan jigila a cikinsa a lokaci guda, kowanne da ɗabi'arsa, don haka duk dabarar da ake buƙata za a same ta a can. Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: jirgi matafiyi ne, yau yana nan gobe yana can, a sake masa fenti, a sayar da shi ga wani kamfani. Jirgi zai gaya maka layi da zamani. Wurin kuwa sai abin da ke kafe a ƙasa ne zai faɗa maka.

Mataki na farko: juya hoton kafin ka kalle shi

Bayan hoto da gefensa sukan yi magana. Idan katin wasiƙa ne, duba ko an raba bayansa gida biyu, ɗaya na adireshi ɗaya na saƙo. A Amurka sai a 1907 aka yarda da wannan tsari, saboda haka kati mai rabe-raben baya bai girmi wannan shekara ba. Idan ƙaramin hoton majigi ne mai firam ɗin kwali, irin na Kodachrome, kamfanin Kodak ya fara buga wata da shekara a jikin kwalin tun wajajen 1958. Sai dai wannan lokacin wanke fim ne, ba lokacin ɗauka ba. Mutum na iya ɗaukar hoto cikin dusar ƙanƙara a Janairu ya bar fim ɗin cikin kyamara har Yuni.

Idan akwai rubutun hannu, kwafe shi a takarda daban, amma ka ɗauke shi a matsayin da'awa, ba hukunci ba. Sau da yawa ba mai hoton ya rubuta ba, wani ne ya zo daga baya ya yi kintace.

Mataki na biyu: tabbatar hoton ba a birkice yake ba

Wannan mataki ƙarami ne, amma wanda ya tsallake shi yana iya ɓata mako guda. Fim da hoton majigi ana iya sa su a na'urar sikan ta kowace fuska, kuma idan aka kifa su, dama ta koma hagu. Nemi rubutu ko lamba a ko'ina: jikin tarago, allon talla, lambar mota, fuskar agogo. In rubutun ya karantu daidai, ka wuce. In babu rubutu, duba motocin da ke titi, sitiyarinsu a hagu yake kuma suna bin hannun dama.

Bayan haka ka yi sikan mai ƙarfi, ka faɗaɗa hoton a kwamfuta, ka bi shi kusurwa-kusurwa. Amsar ba kasafai take tsakiyar hoto ba, inda jirgin yake. Tana can gefe, a wani allon shago da mai hoton ma bai lura da shi ba.

Mataki na uku: gane kamfanin, domin shi ne zai ba ka layi

Nan ne aikin yake da daɗi, domin da kallo ɗaya kana iya zubar da kashi mafi yawa na taswirar birnin.

Ɗaga ido sama tukuna. Idan akwai wayoyin lantarki a rataye bisa layin dogo, ga dandamali mai tsayi daidai da ƙofar tarago, to kana kan layin Illinois Central, wanda aka sa wa lantarki a 1926. Yana tashi daga tashar Randolph a tsakiyar birni, ya bi gefen tafkin Michigan ya nufi kudu. Jiragen South Shore masu ruwan lemo su ma suna hawa wannan layi har Kensington, a titi na 115, sannan su rabu su yi gabas zuwa jihar Indiana. In ka ga jirgin lantarki yana tafiya tsakiyar titi, motoci na dama da hagu, yawanci abu biyu ne: ko reshen South Chicago na Illinois Central da ke bin tsakiyar titi na 71 a kan keɓaɓɓen fili, ko kuwa South Shore a garin Michigan City, inda dogon yake shimfiɗe cikin kwalta kanta har zuwa 2022.

Idan babu waya, duba launi. Rawaya da kore na Chicago and North Western ne. Taragai masu hawa biyu na farin ƙarfe mai sheƙi, a kan layi uku jere, na Burlington ne mai zuwa Aurora. Rock Island na tashi daga tashar LaSalle zuwa Joliet. Milwaukee Road na fita daga arewacin Union Station, reshe ɗaya ya nufi Elgin, ɗaya Fox Lake.

North Western yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da maƙwabtansa: jiragensa hannun hagu suke bi. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, tun layin yana guda ɗaya aka gina tashoshi a gefe ɗaya, da aka zo ƙara na biyu sai aka bar masu shiga birni a kusa da ginin tasha, don su ne ke daɗewa suna jira cikin sanyin safiya. Amfanin wannan a gare ka babba ne. A yawancin tashoshinsa, gefen da ginin yake shi ne gefen jirgin da ke shiga birni. Ka ga kuma dalilin da ya sa na nace a kan mataki na biyu, domin hoton Burlington da aka kifa, in baƙi da fari ne kuma daga nesa, zai iya yi maka kama da na North Western.

Kamfanin nan layi uku gare shi: na arewa zuwa Kenosha, na arewa maso yamma zuwa Harvard, na yamma zuwa Geneva. Gane kamfani bai ƙare magana ba, ya dai rage ta.

Mataki na huɗu: ɗaure hoton tsakanin shekaru biyu

Za ka ce ai wuri muke nema, ina ruwanmu da shekara? Ruwanmu shi ne, taswirar da za ka buɗe daga baya dole ta zama ta zamanin hoton, in ba haka ba za ka nemi ginin da ba a riga an gina ba ko wanda aka rushe. Kana buƙatar iyaka biyu: shekarar da hoton ba zai gabace ta ba, da wadda ba zai wuce ta ba.

Jirgin kansa yana taimakawa. Burlington ya kawo taragai masu hawa biyu a 1950, North Western a 1955. Kan jirgi mai hayaƙin gawayi ya bar jigilar unguwanni ta North Western a 1956. Taragan lantarki masu hawa biyu da ake kira Highliner sun zo Illinois Central a 1971. Sunan Burlington Northern a jikin jirgi na nufin 1970 ko bayanta. An kafa RTA, hukumar sufurin yankin Shikago, a 1974, kan jirgi samfurin F40PH ya fara aiki a ƙarƙashinta a 1977, sunan Metra kuwa, wanda jiragen je-ka-ka-dawo na birnin suka koma amfani da shi, sai tsakiyar shekarun 1980. Kamfanin Rock Island ya mutu a 1980.

Idan dogayen gine-ginen tsakiyar birni sun fito a bayan hoton, ka samu kalanda kyauta. Ginin Prudential na 1955 ne, John Hancock na 1969, ginin Standard Oil da Sears Tower na farkon shekarun 1970 ne. Rashin gini ma shaida ne: hoton da ya kalli wurin da Sears Tower ya kamata ya tsaya, sai sarari kawai, ya girmi ginin. Tashoshi ma haka. An rushe Central Station ta Illinois Central a 1974, babban ginin tashar LaSalle a 1981, tsohuwar tashar North Western da ke titin Madison a 1984.

Sai motoci. Mota mafi sabunta a hoton ita ce abin dubawa, ba mafi tsufa ba, tunda tsohuwar mota na iya shekara ashirin a titi. Jihar Illinois kuma takan sauya lambar mota duk shekara har ƙarshen shekarun 1970, da shekarar a buge a jiki.

Mataki na biyar: ina kyamarar ta fuskanta?

Shikago tana can arewa, kusan digiri 42 daga tsakiyar duniya. Da tsakar rana, rana kullum a kudu take, inuwa na faɗuwa arewa, rani da damina. Mai karatu a Kano ko Damagaram sai ya kula, domin mu a wurinmu akwai watannin da inuwar tsakar rana ke karkata kudu, can kuwa babu wannan. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne sassafe da yammacin lokacin zafi, inda rana ke fitowa ta arewa maso gabas ta faɗi ta arewa maso yamma. Doguwar inuwa ta safe ce ko ta yamma, gajeriya ta tsakar rana.

Akwai dabara ta biyu da ta fi inuwa sauƙi. Tun wajajen 1960 North Western ya fara tsarin da ba a juya jirgi: kan jirgi ya ja taragai in za a fita, ya tura su in za a dawo, direba ya koma ɗakin tuƙi a tarago na ƙarshe. Sauran kamfanonin suka bi sahu. A wannan tsari kan jirgi yana zama a ɓangaren da ya ba birni baya. To duk inda ka ga hancinsa ya nufa, can ne bayan gari, ko da jirgin tafiya yake ko dawowa.

Cunkoson dandamali ma alama ce. Mutane tsaye cikin kwat, inuwa doguwa, suna jira: safiya ce, birni za su. Mutane na sauka suna watsewa: yamma ce.

Mataki na shida: lissafa abin da ba ya motsi

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke kafe: layin dogo nawa ne, miƙe yake ko ya lanƙwasa, a kan tudun ƙasa yake ko daidai da titi ko cikin rami, akwai gada, kogi, hasumiyar coci, tankin ruwa, bututun masana'anta, ɗakin masu sauya layi. Kada ka fara tunanin suna tukuna. Rubuta kawai.

Tsayin layi shi ne shaida mafi ƙarfi a Shikago. Tun shekarun 1890 hukumar birnin ta tilasta wa kamfanoni su ɗaga layukansu sama da tituna saboda yawan haɗari a mararraba. Don haka layi a kan tudu, titi na wucewa ta ƙarƙashi, yawanci cikin birni ne ko unguwar da ke manne da shi. Shingen tsayar da motoci a daidai ƙasa kuwa ya fi yawa a nesa. Garin Winnetka, a layin arewa na North Western, ya bi akasin haka: an nutsar da layin cikin rami tsakanin 1938 da 1943, saboda haka jirgin North Western a cikin rami, gadoji na bi ta kansa, da wuya ya zama wani wuri. A gefen Grant Park ma layin Illinois Central a ƙasa yake, gine-ginen titin Michigan na yamma da shi.

In Allah ya sa ka ga allon titi mai lamba, aiki ya kusa ƙarewa. Lambobin birnin na farawa daga mahaɗar titin State da Madison, lamba 800 kuma mil ɗaya ce. A kudu, daga titi na 31 zuwa gaba, kowane titi takwas mil ɗaya: 39, 47, 55, 63, 71, haka har 95 da bayansa. Tashoshin reshen Beverly na Rock Island ma da lambar titi ake kiransu: 91, 95, 99, 103, 107, 111. Amma ka lura, an sake tsarin lambar gidaje a 1909, adireshin da ya girmi wannan shekara sai an fassara shi zuwa sabon tsari.

A gefen layi kuma akwai ƙananan alluna masu nuna mil nawa ne daga tashar farko, wasu sandunan sigina ma lambarsu daga nisan take. Lambar da ke goshin kan jirgi dai lambar injin ce, ba ta tafiyar ba, kada ka je nemanta a jadawali.

Babban tarko a nan shi ne kamanni. Kamfani yakan gina tashoshi da yawa da zane ɗaya, kuma kama da wane ba ta wane. Kan layin Burlington, Riverside na da tsohuwar hasumiyar ruwa kusa da tasha, Western Springs ma na da tata. Wanda ya ga hasumiya ya yi tsalle ya ce Riverside, rabin sa'a gare shi. Sai ya duba siffar rufin, da nisan hasumiyar daga dogo, da ko gadar kogin Des Plaines ta fito, tunda tana yamma da tashar Riverside kaɗan.

Mataki na bakwai: buɗe taswirar zamanin

Yanzu kana da layi, da shekaru, da fuska, da jerin alamu. Samo jadawalin jirgi na lokacin ka jera tashoshin. Wanda ake ba ma'aikata ya fi na fasinja amfani, domin yana nuna mil na kowace tasha da inda layi ke komawa biyu ko uku. Soke duk tashar da yawan layinta ko tsayinta bai dace ba. Sau da yawa uku ko huɗu ne za su rage.

Waɗannan sai ka bi su da taswirar Sanborn, wadda aka zana wa kamfanonin inshorar gobara. Ba ta da na biyu a wannan aiki. Tana nuna kowane gini da siffarsa da yawan hawansa, ƙafa 50 a inci ɗaya, da launi mai faɗin kayan gini: ja-ja na bulo, rawaya na katako, shuɗi na dutse. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa da yawa daga cikinsu a intanet kyauta. Idan hotonka ya nuna bene mai hawa uku na bulo a kusurwa, taswirar kuma ta nuna gidan katako mai hawa ɗaya, ba nan ba ne, ko kuma ba wannan shekarar ba. Tsofaffin taswirorin hukumar safiyo ta USGS na nuna lanƙwasa da koguna da tudu, sannan akwai hotunan sama na jihar Illinois tun ƙarshen shekarun 1930.

Sai a ƙarshe ka shiga Google Street View. Na ce a ƙarshe da gangan, domin wanda ya fara da shi zai yi ta yawo ne kamar wanda ya shiga kasuwa bai san abin da ya je saye ba. A can kada ka nemi shago ko fenti. Nemi ƙashin gini: yawan tagogi, tazarar da ke tsakaninsu, siffar rufi, ginshiƙan gada. Gwaji mafi kyau shi ne jeruwar abubuwa biyu. In a tsohon hoto hasumiyar coci ta fito daidai bayan kusurwar wani gini, to akwai layi ɗaya tak a ƙasa da za a tsaya a ga haka. Samo jeruwa biyu, inda suka haɗu nan mai hoton ya tsaya.

Wani layin ma ba za ka same shi ba sam. Kamfanin Chicago Aurora and Elgin ya daina ɗaukar fasinja a 1957, hanyarsa ta zama turbar keke da ƙafa da ake kira Illinois Prairie Path. Kamfanin North Shore ya rufe a Janairun 1963, wani yankin hanyarsa ya koma layin jirgin birni mai suna Skokie Swift a 1964. A hoton sama, irin wannan mataccen layi yakan bayyana kamar dogon zare na itatuwa da ya ratsa unguwa a karkace.

A gwada da misali

A ce ga hoto mai launi: taragai masu hawa biyu, rawaya da kore, a kan tudu, kan jirgi ya ba mu baya. A hagu, kan tudun nan dai, ga ƙaramin jirgin birni na lantarki. Rubutun jikin tarago ya karantu daidai.

Launi ya ce North Western. Wurin da jirgin birni ke raba tudu ɗaya da shi haka shi ne layin yamma, inda aka ɗauke jirgin birni na layin Lake Street daga ƙasa aka hau da shi tudun a 1962, don haka hoton bai girmi wannan shekara ba. Jirgin birni yana gefen kudu na tudun. Kudu a hagu na nufin kyamara ta kalli yamma. To amma kan jirgi fa? Tunda hancinsa bayan gari yake nufa, mai kallon yamma bayansa zai gani, da taragai a kusa da shi. Shaidu sun yi daidai. Abin da ya rage tashoshi biyar ne na jirgin birni: Central, Austin, Ridgeland, Oak Park da Harlem. Nan sai gine-ginen titin North Boulevard da South Boulevard su raba gardama, da taswirar Sanborn a hannu.

Mataki na takwas: rubuta abin da ka samu yadda wani zai iya bincika

Ni ƙa'idata shaida uku ce waɗanda ba su dogara da juna ba, misali yawan layi, da gini guda da ya dace da taswira, da fuskar inuwa. Kafin ka rufe, ɓata minti goma kana neman abin da zai ƙaryata ka. Taga huɗu a hoto, biyar a ginin yau? Kada ka ce wataƙila an ƙara ɗaya sai ka ga alamar sabon bulo.

Sannan ka rubuta a takarda daban ko cikin bayanan fayil, ba da biro a bayan hoto ba, don tawada na cin takarda. Sa sunan kamfanin na lokacin da sunan layin na yau, tasha ko mahaɗar titi, fuskar da kyamara ta kalla, shekarun da hoton ke tsakaninsu, da shaidun ɗaya bayan ɗaya. Raba abin da ka tabbatar da abin da kake zato, ka rubuta "tabbas" a gaban wannan, "mai yiwuwa" a gaban wancan. Idan tashoshi biyu suka rage ka kasa raba su, rubuta duka biyun, tare da abin da ya hana ka zaɓa.